Jirgin Ruwan da Ba Ya Jira: Tanadi, Ƙaddara da Tawakkali

Yawon shaƙatawa a jirgin ruwa babbar harka ce a Amurka da Turai. A shekarar 2023 mutane fiye da miliyan 30 suka yi irin wannan tafiya a faɗin duniya, kuma tashar Mayami ta jihar Fulorida tana sahun gaba wajen yawan fasinjoji. Jiragen manya ne na gaske. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Mayami a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinjoji 7,600, ban da ma'aikata. Da yawa daga cikin masu hawa kuwa ba mazauna bakin teku ba ne. Sai sun fara hawa jirgin sama daga Shikago ko Toronto ko Landan, sun sauka a garin da tashar take, sannan su nemi motar da za ta kai su bakin ruwa. Duk wanda ya biya kuɗin irin wannan yawo dole ya yanke shawara a kan abu guda: ya sauka da safiyar ranar tashi, ko ya riga ranar da kwana ɗaya, ko da kwana biyu. Ƙaramar shawara ce, amma tana ɗauke da tambayar da malaman addini da masana falsafa suka daɗe suna juyawa, wato iya ina tanadin ɗan Adam ya kamata ya kai a gaban abin da bai sani ba, da kuma abin da ke wuyansa idan ya yi tanadin ko ya ƙi yi.

Ranar tashi a tsare take. Jirgi yakan iso tasha da asuba, ya sauke fasinjojin zangon da ya ƙare, a share ɗakuna, a loda abinci da mai, sababbin fasinjoji su fara shiga daga hantsi. Tashi yawanci da la'asar ne, wajen ƙarfe huɗu ko biyar, amma ana rufe ƙofa awa ɗaya zuwa biyu kafin nan. Dokar Amurka ta wajabta a miƙa wa hukumar kwastam da tsaron iyaka cikakken jerin sunayen waɗanda ke cikin jirgi minti 60 kafin ya bar tasha. Tun bayan kifewar jirgin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, hatsarin da ya ci rayuka 32, an ƙara tsaurara ƙa'idar cewa a koya wa fasinjoji matakan ceto kafin tashi ko da zarar an tashi. Ga kuma matuƙin tasha da ke jira ya fitar da jirgin daga mashigi, ga gurbin da aka riga aka kama masa a tasha ta gaba. Motar haya takan zauna a tasha har ta cika, har direba ya aika a kira wanda ya ajiye kaya ya tafi cin abinci. Jirgin ruwa, tikitinsa an sayar tun watanni, ba abin da zai ƙaru da shi idan ya jira, kuma jinkirinsa yana shafar dubban mutane. Sannan filin jirgin sama ba lallai ya kasance kusa da tasha ba: daga filin Orlando zuwa tashar Canaveral kimanin kilomita 70 ne, daga filin Heathrow na Landan zuwa Southampton wajen kilomita 100.

Wanda aka tafi aka bari ba ya samun kuɗinsa, domin a wurin kamfani bai zo ba ne kawai. Yana iya bin jirgin zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa, idan kamfanin ya yarda, amma nan ma akwai shinge. Wata dokar Amurka ta 1886 ta hana jirgi mai tutar wata ƙasa ɗaukar fasinja daga wata tashar Amurka ya sauke shi a wata daban, kuma kusan duk manyan jiragen yawo rajistarsu a ƙasashe irin su Bahamas da Panama take. Wanda ya rasa jirgi a Mayami ba zai shiga a Key West, wadda ita ma tashar Amurka ce, ya dawo ya sauka a Mayami ba tare da an ci tara ba. Sai dai ya tare shi a tashar wata ƙasa, kamar Nassau ko Cozumel, wannan kuma yana bukatar fasfo, alhali Amurkawa da yawa da takardar haihuwa da katin shaida kawai suke hawa yawon da zai dawo tashar da ya tashi. Idan kuwa Queen Mary 2 ce, mai ƙetare tekun Atlantika daga Southampton zuwa New York cikin dare bakwai, babu wata tasha a tsakani da za a tare ta.

A ɗaya gefen, jirgin sama ba shi da alkawari. Alƙaluman ma'aikatar sufuri ta Amurka sun daɗe suna nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na jiragen cikin gida yana makara da minti 15 ko fiye, ana kuma soke ɗaya ko biyu cikin ɗari. An san wasu abubuwa game da yadda makarar take: jirgin sassafe ya fi na yamma cika lokaci, domin jinkiri taruwa yake yi yayin da rana ke tafiya, tafiya mai sauyin jirgi a hanya ta fi ta kai-tsaye haɗari, hunturu yana kawo dusar ƙanƙara a filayen arewa, kuma daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwar teku ne a Fulorida. Abin da ba a sani ba shi ne ko jirgin wane a rana kaza yana cikin masu makarar.

A nan ne wata tsohuwar hujja take shigowa. Mai ita yana cewa: idan an ƙaddara zai hau jirgin, zai hau ko da ƙarfe biyu na rana ya sauka, idan ba a ƙaddara ba, ko mako guda ya kwana a bakin tasha ba zai hau ba, to kuɗin otal asara ne ta kowace fuska. Girkawan dā sun san wannan hujja, suna kiranta hujjar malalaci, kuma misalinsu shi ne marar lafiya da kiran likita. Marubucin Rum Sisero ya ruwaito amsar Kirisifus, ɗaya daga jagororin mazhabar Sitoyik, cewa wasu abubuwa a haɗe ake ƙaddara su: wanda aka ƙaddara wa warkewa, an ƙaddara masa ita ne tare da kiran likitan. Kuskuren hujjar shi ne ta ɗauki sakamako a matsayin abin da aka rubuta, ta kuma ɗauki hanyar zuwa gare shi a matsayin abin da aka bari fili.

Musulunci ya zo da amsa mai kama da wannan, ta hanyarsa. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya kai Sarg, labari ya iske shi cewa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke juyawa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, shi kuwa ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk inda ya kora su, da ƙaddara ya kora. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa wani mutum ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa biyun. Buhari kuma ya kawo daga Ibn Abbas cewa wasu mutanen Yaman sukan fito aikin hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, in sun isa Makka sai su koma roƙon mutane, sai aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka da umarnin yin guzuri. Ƙarshen wannan labarin yana da amfani ga mas'alar jirgi. Wanda ya ƙi tanadi yawanci ba shi kaɗai ke biyan kuɗin ƙinsa ba. Matar da ta ɗauki hutu daga aiki, yaran da aka yi wa alkawari, abokan tafiyar da suka riga suka shiga suna leƙen ƙofa, duk suna cikin lissafin.

Sai dai cewa tanadi ba ya karo da tawakkali bai warware komai ba tukuna, domin tambayar matafiyi ta adadi ce: tanadi nawa? Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da ma'auni a babin tauhidi da tawakkali na littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Ya kasa sabubba uku. Akwai na yankan shakku, kamar miƙa hannu ga abinci ko shan ruwa don ƙishi, barin su kuwa ba tawakkali ba ne, wauta ce. Akwai waɗanda zato ya rinjaya a kansu, kamar ɗaukar guzuri a tafiyar daji ko shan magani, riƙo da su bai fitar da mutum daga tawakkali ba. Ya ma ambaci Ibrahim al-Khawwas, sufin da aka sani da tsananin dogaro ga Allah, wanda duk da haka ba ya rabuwa da allura da almakashi da igiya da guga. Na uku su ne na wahami, wato dabarun da alaƙarsu da sakamako mai rauni ce ƙwarai, nutsewa cikin su kuma alama ce ta zuciyar da ta rataya ga dabara.

Rabon yana hawa mas'alar jirgi daidai. Sayen tikitin da zai sauka kafin a rufe ƙofa, da barin lokacin karɓar kaya da na mota, sababi ne na yankan shakku. Wanda ya sayi tikitin da zai sauka a Orlando ƙarfe biyu da rabi alhali ana rufe ƙofa a Canaveral ƙarfe uku bai bar wa ƙaddara komai ba, lissafi ne bai yi ba. Zuwa kwana ɗaya kafin rana, zaɓen jirgin safe, guje wa sauyin jirgi, riƙe fasfo da magunguna da tufafin kwana biyu a jakar hannu, waɗannan na zato mai rinjaye ne. Amfanin kwanan nan ɗaya a fili yake: idan aka soke jirgin farko, akwai na yamma, akwai na gobe da safe, akwai ma hayar mota a tuƙa dare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana na biyu yana da hujja ga mai ƙetare nahiya ko mai tafiya cikin hunturu. Daga nan kuwa amfanin kowane ƙarin kwana raguwa yake yi da sauri, har a kai ga mutumin da ya zo da kwana biyar, ya kama otal a jikin tasha, kuma bai runtsa ba saboda duba hasashen yanayi a waya. Shi wannan ya shiga kashi na uku.

Masana tattalin arziki suna da nasu gargaɗin game da wuce gona da iri. Ana jingina wa George Stigler, wanda ya ci kyautar Nobel a 1982, ra'ayin cewa mutumin da jirgin sama bai taɓa tashi ya bar shi ba, ya ɓata rayuwarsa da yawa a zaman filin jirgi. Maganar tana da gaskiya, domin tanadi ma yana da farashi. A ɗauka, a misali, iyali sun biya dala 4,000 na yawo, kwanan otal da abinci kuma zai ci dala 250. A lissafin kuɗi zalla, kwanan ba zai biya kansa ba sai idan yiwuwar rasa jirgin ta kai ɗaya cikin 16, kuma ga mai jirgin sassafe na kai-tsaye a lokacin da yanayi ke lafiya, da wuya ta kai haka. Shi ya sa ake samun mutane masu hankali da ke zuwa a ranar, kuma mafi yawansu suna hawa lafiya. Amma irin wannan lissafi ya fi dacewa da wanda zai maimaita caca ɗaya sau dubu, riba da asara su daidaita. Iyalin da suka yi shekaru suna tara kuɗin tafiya guda ba matsakaicin sakamako za su samu ba, ko dai su hau ko a bar su. Kuma Stigler jirgin sama yake nufi, wanda idan ya wuce wani yana tafe bayan awa biyu. Gwargwadon yadda abu ba ya maimaituwa, gwargwadon yadda faɗin tanadinsa ya kamata ya ƙaru. Akwai kuma abin da Daniel Kahneman da Amos Tversky suka bayyana a 1979, cewa mutane suna tsara lokaci bisa yadda abu zai tafi idan komai ya yi daidai, ba bisa yadda irinsa ya saba tafiya ba. Mai cewa yiwuwar makararsa kaɗan ce, akwai dalilin a ɗan ƙara a kan ƙiyasinsa.

Ba kowa ne kuma yake da wannan zaɓin a hannu ba. A Amurka babu dokar tarayya da ta tilasta wa mai aiki ya ba ma'aikaci hutu da albashi, don haka akwai wanda kwana ɗaya na ƙari yake nufin asarar ladan yini ko ɓacin ran shugabansa. Tanadin da ya zama sakaci ga mai hali idan ya bari, yana iya zama abin da ya fi ƙarfin wani.

Wannan ya kai ga tambayar laifi. Mutum biyu sun sayi tikitin ranar tashi, ɗaya ya hau, ɗaya an bar shi. Mutane sukan yaba wa na farko da iya tsari, su zargi na biyu da ganganci, alhali shawararsu ɗaya ce. Masana falsafa Bernard Williams da Thomas Nagel sun yi muhawara a kan wannan a 1976, suna nuna yadda yabo da zargi suke bin sa'a fiye da yadda ake son amincewa. Fiƙihun Malikiyya yana da matsaya tsayayya a irin wannan. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ya jinkirta salla a cikin lokacinta mai faɗi, mutuwa ta riske shi kafin ya yi, bai yi saɓo ba, sai idan da ma zatonsa ya rinjaya cewa ba zai kai ƙarshen lokacin ba. Wato ana auna mutum da abin da yake da dalilin zato a sa'ar da yake yanke shawara. Da wannan ma'auni, wanda ya sayi tikitin rana tsaka mai sauyin jirgi a Shikago cikin Janairu ya yi sakaci ko da ya hau, wanda kuma ya zo da kwana guda a hannu bai yi sakaci ba ko da an bar shi. Yawon teku ba farilla ba ne, ballantana a ce rasa shi zunubi ne. Abin da ke jawo magana shi ne tozarta dukiya da haƙƙin waɗanda suka dogara da tsarin mutum. Halascin abin da ake yi a cikin wasu jiragen, na giya da caca, mas'ala ce daban.

Rashin laifi kuma ba ya dawo da abin da ya wuce, wannan ma fiƙihu ya san da shi. Tsayuwar Arfa tana ƙarewa da ketowar alfijir na ranar layya. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo labarin Abu Ayyub al-Ansari, wanda raƙumansa suka ɓace a hanya, da na Habbar bin Aswad, wanda ya yi kuskuren ƙidayar kwanaki. Dukansu sun iso ranar layya, Sayyidina Umar kuma ya ba su hukunci iri ɗaya: su yi aikin umara su kwance harami, su dawo baɗi su rama hajjin tare da hadaya. Ɗaya tsautsayi ne, ɗaya kuskuren lissafi, amma lokacin bai bambanta su ba. A yau hukumomin Saudiyya suna rufe filayen Jidda da Madina ga jiragen maniyyata kwanaki kaɗan kafin Arfa, bisa al'ada ranar 4 ga Zulhajji, wato hukuma ce ta ɗora wa kowa tanadin da ba za a bar wa ra'ayin ɗaiɗaikun mutane ba. Maniyyatan Najeriya da Nijar da suka taɓa kwana a sansanin alhazai suna jiran jirgi sun san nauyin wannan rana.

Tanadi kuma yana da iyakar da ba ya ƙetarewa. A Afrilun 2010 wani dutse ya yi aman wuta a Aislan, tokarsa ta sa aka rufe mafi yawan sararin samaniyar Turai na kusan kwana shida, aka soke jirage kimanin 100,000. A ƙarshen Disambar 2022 kamfanin Southwest ya soke sama da jirage 16,000 bayan wata guguwar hunturu. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani kuskure a manhajar CrowdStrike ya tsayar da kwamfutoci a duniya, kamfanin Delta kaɗai ya soke kusan jirage 7,000 cikin kwana biyar. A irin waɗannan ranaku wanda ya bar kwana ɗaya da wanda ya bar biyu duk suna zaune a filin jirgi. Epiktitus, bawan da ya zama malamin falsafa a daular Rum, ya yi amfani da tafiyar teku wajen koyar da ɗalibansa wannan: abin da ke hannun matafiyi shi ne zaɓen matuƙi da ma'aikata da rana da lokaci, idan hadari ya taso bayan haka, nasa aikin ya riga ya ƙare. A wurinsa abin da ya rage shi ne miƙa wuya ga tsarin halitta. A wurin malaman Musulunci abin ya zarce haka, domin tawakkali aikin zuciya ne da ke tafiya tare da aikin gaɓɓai tun daga farko, ba abin da ake ɗaukowa bayan dabara ta ƙare ba. Annabi Yaƙub, a Suratu Yusuf, ya umarci 'ya'yansa su shiga gari ta ƙofofi daban-daban, a cikin magana ɗaya kuma ya shaida musu cewa wannan ba zai kare su daga abin da Allah ya hukunta ba. Alamar da malamai suke dubawa ita ce halin mutum a gefe biyu: kada ya natsu da tanadinsa har ya ɗauka shi ne ya kai shi, kada kuma ya ruguje idan tanadin ya ci tura.

Saura hanyoyin rage asara bayan ta auku. Manyan kamfanonin yawo suna sayar da tikitin jirgin sama tare da na ruwa, kuma wanda ya saya ta hannunsu sukan ɗauki nauyin kai shi tasha ta gaba idan jirginsa ya makara, amma ba su yi alkawarin tsayar da jirgin ruwan ba. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 tana ba fasinja diyyar Yuro 250 zuwa 600 kan dogon jinkiri ko sokewa, sai dai ba a biyan diyyar idan dalilin ya fi ƙarfin kamfani, kamar mummunan yanayi, kuma kuɗin ba ya kusantar na yawon. Abin da ya rage shi ne inshorar tafiya, wadda takan biya kuɗin bin jirgi ko wani ɓangare na asarar, bisa sharuɗɗan da suka haɗa da tsawon jinkirin da dalilinsa. A nan malaman zamani sun saɓa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana inshorar kasuwanci saboda garari, wato rashin tabbas mai yawa a cikin ƙulla cinikin, ta halatta ta taimakekeniya wadda aka fi sani da takaful. Shehu Mustafa Zarƙa na Siriya yana cikin waɗanda suka halatta ta kasuwancin ma. Saɓanin majalisar da Zarƙa a kan siffar ƙulla yarjejeniyar yake, babu ɓangaren da ya kafa hujjarsa a kan cewa shirya wa asara tun kafin ta zo rashin dogaro ga Allah ne.